Fuskar Talaka, Muryar Aro: Tarken Harshe a Finafinan Bayan Yaƙi, daga Rum zuwa Dakar

1.0 Gabatarwa

Duk littafin tarihin sinima da ɗalibi zai buɗe, idan ya iso shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, zai tarar da labari guda: a wannan zamani ne kyamara ta fito daga ɗakin shirya fim ta shiga titi, ta bar fuskokin taurari ta koma kan fuskar lebura da masunci da mai amalanke. Labarin gaskiya ne, sai dai rabinsa ake faɗa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma da alama abin da ya sami yawancin masu sharhin waɗannan finafinai ke nan. Hoto ya ɗauke masu hankali har suka manta su tambayi wane ne ke magana, kuma da wane harshe.

Wannan takarda za ta bi sawun tambayar ne daga Italiya ta 1945 zuwa Senegal da Nijar na 1968. Fim ɗin da za a fi tsayawa a kansa shi ne Ladri di biciclette na Vittorio De Sica (1948), domin shi aka fi kafa hujja da shi, kuma shi ya fi haifar ƴaƴa a wasu ƙasashe. Batun ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Duk wanda zai rubuta wasan kwaikwayo, ko ya yi fassara, ko ya ɗauko hira daga bakin tsohuwa a ƙauye ya mayar da ita rubutu, zai ci karo da shi.

2.0 Abin da Aka Tarar a Italiya

Gwamnatin Mussolini ta buɗe Cinecittà a bayan birnin Rum a 1937, wani katafaren wurin shirya finafinai inda aka riƙa fitar da labaran attajirai masu falo da kayan alatu, har masu sharhi suka laƙaba wa irinsu sunan finafinan farin tarho. Gwamnatin ta sa hannu a harshe ma. Ta yaƙi karorin harshe na larduna da kalmomin aro, ta kafa doka a 1933 cewa duk fim ɗin waje sai an ɗora masa muryar Italiyanci a cikin ƙasar kafin a nuna shi, a 1938 kuma ta nemi hana amfani da lei, wakilin sunan girmamawa, ta ce a koma voi. Dalilin wannan ɗoki shi ne, daidaitaccen Italiyanci, wanda aka gina a kan karin harshen Firenze kamar yadda aka gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci, bai zama harshen gida ga yawancin ƴan ƙasar ba. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa lokacin da aka haɗe ƙasar a 1861, masu iya magana da shi ba su wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba.

Abu biyu wannan tarihi ya bar wa masu shirya fim. Na farko, sana'ar ɗora murya ta yi ƙarfi ƙwarai, har ya zama al'ada a ɗauki hoto ba tare da sauti ba, daga baya a shiga ɗaki a zuba magana. Na biyu, jin bakin talaka a sinima ya zama alamar cewa zamani ya juya.

Da aka kori sojojin Jamus daga Rum a 1944, Cinecittà ta zama sansanin ƴan gudun hijira. Kuɗi babu, ɗanyen fim ma sai an yi tsince-tsince. A haka Roberto Rossellini ya ɗauki Roma città aperta (1945), inda Anna Magnani da Aldo Fabrizi, ƙwararrun ƴan wasan dandamali, suka saki bakin mutanen Rum. Wannan ne mafarin abin da aka kira neorealismo, wato sabuwar hanyar nuna zahiri. A fim ɗinsa na gaba, Paisà (1946), mai labarai shida, Rossellini ya mayar da rashin jin harshen juna jigo. A labari na biyu, wani baƙin sojan Amurka mai suna Joe ya bugu a Napoli, yana zaune a kan tarin ɓaraguzai yana zuba wa wani yaro maraya Turanci, yaron ba ya jin ko kalma ɗaya, jira kawai yake ya yi barci ya sace masa takalma. Da Joe ya kama shi daga baya ya bi shi don ya karɓo kayansa, sai ya ga kogunan dutse inda ɗaruruwan mutane ke kwana, ya ajiye takalman ya juya. Babu tafinta a tsakaninsu, Rossellini kuma bai ƙirƙiro masu ba.

3.0 Ɓarayin Kekuna

3.1 Warwarar Jigo

Antonio Ricci ya daɗe ba aiki. Wata rana aka kira sunansa a ofishin neman aiki na unguwar Val Melaina, aka ba shi aikin liƙa takardun talla a bango, bisa sharaɗin yana da keke. Kekensa kuwa yana gidan jingina. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu na aure ta kai jingina, suka fanso keken. A ranar farko ta aiki, yana kan tsani yana liƙa hoton Rita Hayworth, wani saurayi ya hau keken ya gudu. Sauran fim ɗin neman keke ne, shi da ɗansa Bruno, ranar Lahadi guda: kasuwar Piazza Vittorio, kasuwar Porta Portese, cocin da ake yi wa matalauta aski a ba su miya bayan sun zauna addu'a, ɗakin wata mai duba, har lungun da ɓarawon yake, inda ƴan unguwa suka tsaya masa, ɗan sanda kuma ya ce ba shaida. Da yamma Antonio ya ga wani keke jingine a ƙofar gida, ya ba Bruno kuɗin mota ya ce ya tafi, ya hau ya sheƙa. Aka kama shi a gaban idon yaron, wanda bai samu motar ba. Mai keken ya dubi Bruno yana kuka, ya ce a sake shi.

Abin lura na farko ga mai fassara yana cikin sunan. Ladri jam'i ne, biciclette ma jam'i ne, wato Ɓarayin Kekuna. Da aka kai fim ɗin Amurka, sai aka mayar da sunan tilo, ɓarawo ɗaya da keke ɗaya. Wannan ɗan sauyi ya kashe ma'anar ƙarshen labarin, domin jam'in ne ke shaida wa mai kallo cewa ɓarayin biyu ne, kuma na biyun shi ne mutumin da muka yini muna tausayawa. Ƙari a kan haka, da Antonio ya shiga ɗakin ɓarawo na farko, abin da ya gani shi ne ɗaki guda da iyali duka ke kwana a ciki, da uwa tana dafa abinci a gefe. Talaka ne ya saci talaka. Fassarar da ta zubar da jam'i ta zubar da wannan duka.

3.2 Zahirin da Aka Shirya

An yi ta yabon fim ɗin da cewa rayuwa ce tsagwaronta. Mai sharhin nan na Faransa André Bazin ya kai yabon har inda ya nuna kamar ƴan wasa da labari da shiri duk sun ɓace, rayuwa kawai ta rage. A 1950 aka ba fim ɗin lambar girmamawa ta Oscar, a 1952 kuma masu sharhin da mujallar Sight and Sound ta tambaya suka sa shi a kan gaba cikin finafinan duniya. Amma zahirin nan shirya shi aka yi da hannu. Labarin ya samo asali daga littafin Luigi Bartolini na 1946, Cesare Zavattini da wasu marubuta suka sāke shi gaba ɗaya. Ruwan saman da ya tarwatsa kasuwar Porta Portese, ƴan kwana-kwana ne suka zuba shi da mesa. De Sica kansa tsohon tauraro ne na finafinan zamanin Mussolini, ya san kowace dabara ta sa mutum kuka. Labari ya shahara cewa David O. Selznick na Hollywood ya yi tayin ba da kuɗi idan za a sa Cary Grant ya fito a matsayin Antonio, De Sica ya ƙi, ya ɗauko Lamberto Maggiorani, ma'aikaci a masana'antar Breda, wanda bai taɓa wasa ba. Bruno kuma Enzo Staiola ne, yaron da aka tsinto a titi.

Shiri ba aibi ba ne. Marubucin ƙagaggen labari ma shiri yake yi. Inda magana take shi ne, muryar da ke fita daga bakin Antonio ba ta Maggiorani ba ce. Wani ɗan wasa ne ya ɗora ta daga baya. Ke nan fim ɗin da duniya ta ɗauka a matsayin ranar da lebura ya tsaya a gaban kyamara ya faɗi damuwarsa, fuskar lebura ya ɗauka da tafiyarsa da hannayensa, maganar kuwa ya miƙa wa ƙwararre. Masu kare De Sica za su ce ai al'adar Italiya ke nan, kuma na'urorin ɗaukar sauti na lokacin manya ne, ba a iya yawo da su a kasuwa. Duka gaskiya ne. Sai dai wannan uzuri yana bayyana dalilin ɗora murya ne kawai, bai bayyana dalilin da ya sa ba a kira Maggiorani ya ɗora tasa ba.

A ganin wannan takarda, abin da ya ceci fim ɗin shi ne De Sica ya san inda ƙarfinsa yake, bai ɗora nauyin labarin a kan maganar Antonio ba. A duba wuraren da suka fi zama a rai. A gidan jingina, Antonio na tsaye a taga, sai ya ga ma'aikaci ya ɗauki ƙunshin zannuwansu yana hawa kanta bayan kanta, kowace cike da ƙunshin zannuwan wasu har rufi. Ba a ce komai ba, amma mai kallo ya ƙirga gidajen da ke kwana a kan katifa tsirara. Bayan ya mari Bruno, yaron ya riƙa tafiya nesa da shi, tazarar da ke tsakaninsu a titi ita ke ba da labarin. A ƙarshe ma, bayan an sake shi, suna tafe cikin taron masu dawowa daga kallon ƙwallo, uban ya fara hawaye, yaron ya kama hannunsa, babu wanda ya yi magana. Wurin da Antonio ya fi yawan surutu shi ne gidan abinci, inda yake lissafa wa Bruno albashin da ya kuɓuce masa, kuma ko a nan abin da ke riƙe ido shi ne Bruno yana satar kallon ɗan masu kuɗi da ke cin abinci da wuƙa da cokali a teburin baya.

Duk da haka kunnen De Sica a buɗe yake ga harshen da ke kewaye da tauraronsa. Ƴan kasuwa da ƴan lungu bakin Rum suke yi, ma'aikacin ofis da masu aikin agaji a coci kuwa sun fi kusa da Italiyancin makaranta. Akwai kuma wani ɗan wuri da ba a cika ambata ba. Lokacin ruwan sama, uba da ɗa sun raɓe a jikin bango, sai ga ayarin matasa masu karatun limancin coci sun zo sun kewaye su, suna ta hira da Jamusanci. Shekara huɗu ke nan da fitar sojojin Jamus daga birnin. Antonio na tsakiyarsu ya yi shiru, ba wanda ya dube shi. (Ɗaya daga cikin matasan nan Sergio Leone ne, wanda daga baya ya shahara da finafinan kaboyi.)

Shi kuwa Maggiorani, da aka gama ya koma Breda, ba a daɗe ba aka rage ma'aikata har da shi. Ya ƙarasa rayuwarsa yana neman ƙananan fitowa a finafinai, ya rasu a 1983. Hukuma ma ba ta yi murna da wannan salo ba. Giulio Andreotti, wanda harkar sinima ke hannunsa a gwamnati, ya rubuta a 1952 cewa De Sica ya ɓata wa ƙasarsa suna a idon duniya da fim ɗin Umberto D. Ɗalibin harshe zai so sanin cewa tsohon da ya fito a matsayin Umberto, wato Carlo Battisti, shehun malamin kimiyyar harshe ne a Jami'ar Firenze, kuma ɗaya daga cikin marubuta ƙamusun asalin kalmomin Italiyanci.

4.0 Gwajin Visconti

A shekarar 1948 ɗin nan dai, Luchino Visconti ya bi wata hanya. Ya tafi Aci Trezza, ƙauyen masunta a gabashin Sisili, ya shirya La terra trema, wato ƙasa tana girgiza, daga littafin I Malavoglia na Giovanni Verga (1881). Masuntan ne suka yi wasan, da muryarsu, da karin harshensu, aka kuma ɗauki sautin nan take. Rubutun da ya buɗe fim ɗin ya sanar da mai kallo cewa a Sisili Italiyanci ba harshen talaka ba ne. Wannan ya rushe uzurin na'ura, tun da ga wanda ya yi a shekara guda da De Sica.

To amma me ya biyo baya? Mutanen Rum da Milan ba su ji abin da masuntan ke faɗa ba. Visconti ya riga ya ɗora muryar mai ba da labari da daidaitaccen Italiyanci a kan fim ɗin, tana bayyana abin da ke faruwa, wani lokaci har tana yanke hukunci a madadin mutanen. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, a 1950 aka fitar da shi a gutsure, an kuma ɗora wa masuntan Italiyanci. Visconti ya fi De Sica ƙarfin hali a wannan fage, babu shakka. Sai dai masuntansa sun sami murya, tafinta kuma ya tsaya a gabansu da lasifika. Wanda ya ce zanen aro ba ya rufe katara ya faɗi gaskiya, amma Visconti ya nuna cewa na kai ma, idan ba a san shi a kasuwa ba, sai an yafa masa wani a sama.

5.0 Ratse zuwa Indiya

A 1950 kamfanin talla da Satyajit Ray ke yi wa aiki ya tura shi Landan, a can ya ga Ɓarayin Kekuna, ya dawo da niyyar ɗaukar littafin Bibhutibhushan Bandyopadhyay a ƙauye da mutanen da yawancinsu ba ƴan wasa ba ne. Pather Panchali ya fito a 1955 bayan shekaru na yankewar kuɗi, har sai da gwamnatin Bengal ta Yamma ta ƙarasa biya, ya kuma ci lamba a Cannes a 1956. Da Bengalanci aka yi shi, wannan ya sa hanyarsa zuwa Paris da Landan, ta fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto, ta fi sauƙi a kan hanyarsa zuwa gidajen sinimar sauran Indiya. Bimal Roy kuwa, wanda shi ma fim ɗin De Sica ya zaburar, ya yi Do Bigha Zamin (1953) da Hindi da waƙoƙi, ya ɗauko Balraj Sahni, mai ilimin jami'a kuma tsohon ma'aikacin sashen Hindi na BBC, ya koyi jan keken ɗaukar mutane a titunan Kalkata. A nan an juya lissafin De Sica: ƙwararre ne ya ari jikin talaka. Reshen Bombay ɗin nan, mai waƙoƙin da mawaƙa irin su Lata Mangeshkar ke rerawa a bakin wasu, shi ne ya iso gidajen sinimar ƙasar Hausa, ba na Ray ba.

6.0 Abijan, Dakar, Yamai

A Afirka ta zamanin mulkin mallaka, raba hoto da murya tsohon abu ne. A Arewacin Nijeriya majigin gwamnati ya riƙa yawo gari-gari, hoto daga wani wuri, tafinta na tsaye yana faɗin abin da ake so a fahimta. A ƙasashen da Faransa ke mulka, dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim sai da izinin hukuma, shi ya sa Paulin Soumanou Vieyra da abokansa suka ɗauki Afrique sur Seine (1955) a Paris.

Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya kuma rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya gwada wata dabara a Moi, un noir (1958). Ya bi wasu matasan Nijar ƴan ci-rani a unguwar Treichville ta Abijan da ƙaramar kyamara marar sauti. Da ya haɗa hoton, sai ya zaunar da tauraron, Oumarou Ganda, ya ce ya kalla ya yi magana yadda ya ga dama. Ganda, ɗan Yamai, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocin, yana dako a tashar jirgin ruwa, ya laƙaba wa kansa sunan tauraron Amurka Edward G. Robinson. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne ran fim ɗin: ƙorafi, fariya, mafarkin zama zakaran dambe, da doguwar maganar ƙarshe a bakin ruwa inda yake ba wani yaro labarin yaƙi yana faɗuwa ƙasa yana kwaikwayon harbi. Jean-Luc Godard ya yaba fim ɗin ƙwarai, ana kuma ganin sawunsa a sabon salon da matasan Faransa suka fito da shi daga 1959. Ga lebura ya ɗora muryar kansa, abin da aka hana Maggiorani.

Saura biyu. Da Faransanci Ganda ya yi maganar, ba da Zabarmanci ba, kuma Rouch ne ke buɗe sassan fim ɗin da nasa bayanin, shi ke riƙe da almakashi. A wata tattaunawa ta 1965, Ousmane Sembène ya gaya wa Rouch a gaban idonsa cewa shi da irinsa suna kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Hukuncin ya yi wa Moi, un noir tsauri, domin ƙwaro ba ya mayar da magana, Ganda kuwa ya mayar. Amma Ganda kansa bai gamsu ba, tun da ya koma ya sāke ba da labarin da hannunsa a Cabascabo (1968), fim ɗin tsohon sojan da ya dawo daga Indocin, abokai da mata suka cinye kuɗinsa suka watse. Wannan karon da Zabarmanci, shi ne darakta, shi ne tauraro. An nuna shi a Cannes a 1969, a 1972 kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar lambar FESPACO ta farko a Wagadugu.

Sembène, wanda ya koyi aikin fim a Mosko, shi ne magajin De Sica na kusa. Borom Sarret (1963), fim ɗin da bai wuce minti ashirin ba, kusan Ɓarayin Kekuna ne aka mayar Dakar: mutum ɗaya, yini ɗaya, abin sana'a ɗaya. Mai amalanken doki ya yini yana ɗaukar waɗanda ba sa biya, maroƙi ya wasa kakanninsa ya karɓe ɗan abin da ya samu, wani mai kwat ya lallashe shi ya shiga unguwar Plateau da aka hana amalanke, ɗan sanda ya ƙwace amalanken. Bambancin shi ne, ɓarawon De Sica yaro ne mayunwaci, na Sembène kuwa doka ce da hula. Matar ma ta bambanta da Maria: ta miƙa wa mijin jariri ta fita tana cewa za a ci abinci da dare, ba a faɗi ta yaya ba. Sai dai tunanin mai amalanken nan, wanda bai yi makarantar boko ba, da Faransanci muke jin sa.

A La Noire de... (1966) matsalar ta fi fitowa fili. Mbissine Thérèse Diop ce ta fito a matsayin Diouana, ƴar aikin da iyayen gidanta Faransawa suka tafi da ita Antibes, amma muryar zucinta ta Toto Bissainthe ce, ƴar wasa daga Haiti, da Faransanci mai tsabta wanda Diouana ba za ta iya ba. Ana iya kiran wannan rauni, kuma rauni ne. Abin da ya bambanta Sembène shi ne ya san da shi, har ya sa shi cikin labarin. Wasiƙa ta zo da sunan mahaifiyar Diouana. Da yake ba ta iya karatu ba, maigidan ya karanta mata, sannan ya ɗauki alƙalami ya ce ta faɗi amsa. Ta yi shiru, sai ya fara rubutawa da kansa, da sunanta, cewa tana lafiya. Ta yayyage wasiƙar uwar ta tashi. Duk abin da wannan takarda ke faɗa game da Maggiorani da masuntan Aci Trezza yana cikin wannan fitowa guda, kuma wanda ya shirya ta yana aikata laifin da yake nunawa a daidai lokacin, saboda kasuwa da masu kuɗin fim ba su ba shi wata ƙofa ba.

Ƙofar ta buɗe a Mandabi (1968), wanda ake lissafawa a matsayin dogon fim na farko da ɗan Afirka ta Yamma ya yi da harshen ƙasarsa. Kuɗin daga Faransa ya zo, saboda haka sau biyu aka ɗauke shi, da Faransanci da kuma Wolof. Ibrahima Dieng, magidanci mai mata biyu da ba ya da aiki, ya sami manda ta sefa 25,000 daga ɗan ƴar'uwarsa mai sharar titi a Paris: 2,000 nasa, 3,000 na uwar yaron, 20,000 ajiya. Gidan waya ya ce sai da katin shaida, katin sai da takardar haihuwa da hoto, takardar haihuwa sai da ranar da aka haife shi, wadda ba a taɓa rubutawa ba. Kafin kuɗin ya zo hannu maƙwabta da masu bin bashi sun cinye shi a baki, a ƙarshe wani ɗan boko mai suna Mbaye ya karɓa da wakilci ya ce an sace. A kwafin Wolof, kunne kaɗai ya isa ya nuna wa mai kallo inda iko yake. A tsakar gida Dieng sarki ne, yana tsawa yana karin magana. Da ya isa gaban tagar ofis inda Faransanci ke mulki, sai bakinsa ya mutu, babbar rigarsa ta zama kaya. Wanda ya kalli fim ɗin ta fassarar ƙasan hoto zai ga harsunan biyu sun zama rubutu iri ɗaya, wannan tsallake ya ɓace masa. Fim ɗin ya ci lamba a bikin Venis na 1968.

Inda Mandabi ya gaza shi ne ƙarshensa. Dieng ya yanke ƙauna ya ce shi ma zai zama macuci kamar kowa, wanda shi ne daidai matakin da Antonio ya taka a gaban keken wani. De Sica ya bar wurin ga hannun yaro. Sembène kuwa ya kawo mai raba wasiƙu ya tsaya yana gaya wa Dieng cewa su ne za su gyara ƙasar, shi da matansa da ƴaƴansa da kowa. Da Wolof aka faɗi maganar, amma ba ta yi kama da ta mai raba wasiƙun da muka gani a farkon fim yana yawo da jakarsa ƙofa-ƙofa ba. Ta Sembène ce, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago na tashar jirgin ruwan Marseille, ya ari bakin ma'aikacin gidan waya ya faɗe ta.